Kafin Ka Rushe Bango: Yadda Ake Sauya Tsarin Manhaja Kamar Gyaran Gidan Da Mutane Ke Ciki

Idan maigida ya kira birkila ya ce yana so a haɗa falo da ɗakin da ke kusa da shi, birkilan da ya san aikinsa ba ya ɗaukar guduma nan take. Sai ya ƙwanƙwasa bangon, ya duba kaurinsa, ya ɗaga kai ya ga abin da ke zaune a kansa. Bulo inci shida ne da aka raba ɗaki da shi, ko inci tara ne da dekin ya kwanta a kai? Na farko aikin yini biyu ne. Na biyu kuwa sai an kira injiniya, an sayo rodi, an kafa tokara, an jira kankare ya ƙosa. A idon maigida duk bango ne.

Haka yake a manhaja, sai dai lamarin ya fi muni, domin mai gida aƙalla yana ganin bangon da idonsa, mai manhaja kuwa allo kawai yake gani. Shi ya sa za ka ji an ce "ai ɗan ƙaramin gyara ne, maɓalli ɗaya za ka ƙara mana", alhali maɓallin nan yana bukatar a taɓa harsashi. Wannan jagora ta mai rubuta manhaja ce da kuma wanda zai biya kuɗin aikin. Za mu bi misali ɗaya: manhajar wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, wadda aka rubuta don shago ɗaya, yanzu kuma Alhaji ya buɗe reshe a Sabon Gari da sito a Fagge, yana so manhajar ta riƙe duka ukun ba tare da an dakatar da ciniki ko na yini ɗaya ba.

Mataki na farko: gane irin gyaran da aka nema

Kafin a yi maganar kuɗi ko lokaci, a ajiye buƙatar a matsayinta. Akwai gyaran fenti: canza launi, gyara rubutun rasit, matsar da maɓalli. Akwai bangon raba ɗaki: ƙara sabon allo ko sabon rahoto da zai karanta bayanan da suke nan ba tare da ya sauya su ba. Waɗannan biyun ba su da haɗari sosai, a yi su a wuce.

Sai bututu da waya, wato duk hanyar da manhajar take magana da wani abu na waje: na'urar POS, kamfanin karɓar kuɗi, saƙon tes da ake tura wa abokan ciniki, manhajar waya da yaran shago suka sauke. Matsalar bututu ita ce ba kai kaɗai ke riƙe da shi ba. Idan ka sauya bakinsa a ɓangarenka, ɗaya ɓangaren yana nan yadda yake, ruwa sai ya zube a cikin bango inda ba mai gani.

Sannan ginshiƙi da harsashi. Ginshiƙi shi ne ƙa'idar kasuwancin da sauran sassa suka jingina da ita, kamar yadda ake lissafin bashi ko yadda ake rage kaya idan an sayar. Harsashi kuwa tsarin rumbun bayanai ne, wato inda manhaja ke ajiye bayanan kaya da rasitai da bashi, tare da zaton da aka gina shi a kai. Manhajar Alhaji an gina ta a kan zaton cewa shago ɗaya ne a duniya: kowane kaya yana da adadi ɗaya, kowane rasit lamba ɗaya a jere, kowane ma'aikaci yana ganin komai. Ƙara rassa a kanta daidai yake da ɗora bene a kan gidan da aka yi wa harsashin gidan ƙasa. Ana iya yi, amma sai an tona an ƙarfafa ƙasan tukuna.

Akwai tambaya guda da take fayyace matsayin gyara cikin sauri: idan na yi wannan sauyin ya lalace, zan iya mayar da komai yadda yake cikin minti goma? Idan amsar e ce, fenti ne ko bangon raba ɗaki. Idan amsar ta fara da "to, ai bayanan da aka shigar bayan sauyin...", ka taɓa harsashi.

Mataki na biyu: tona ka ga abin da ke ƙasa

Injiniya ba ya yarda da zanen da aka ba shi na tsohon gida. Yakan sa a haƙa rami a gefen bango ya ga zurfin harsashin da faɗinsa da idonsa, domin abin da aka zana daban, abin da magina suka zuba daban. Kai ma kada ka yarda da abin da wanda ya rubuta manhajar ya faɗa, ko da kai ne ka rubuta ta shekara uku da suka wuce. Buɗe rumbun bayanan ka duba waɗannan.

Yadda aka ajiye kuɗi. Idan an ajiye shi a gurbin lamba mai ɗigo irin wadda kwamfuta ke ƙiyastawa, za a riƙa samun kobo yana ɓacewa ko yana ƙaruwa, domin a irin wannan lissafi 0.1 a tara da 0.2 ba ya ba da 0.3 cif, yana ba da 0.30000000000000004. Hanya mai kyau ita ce a ajiye kuɗi da kobo a cikakkiyar lamba. Amma nan ma akwai tarko: gurbin cikakkiyar lamba na yau da kullum a manhajojin rumbun bayanai na MySQL da PostgreSQL yana tsayawa ne a 2,147,483,647. Idan kobo ake ƙirgawa, wannan naira miliyan 21 da dubu 474 ne da 'yan kai. Babban ɗan kasuwa ɗaya a Kwari yana iya wuce wannan a rasit guda. Sai a yi amfani da babban gurbin, wanda ake kira BIGINT.

Lambar waya, da BVN, da NIN, da lambar asusun banki. Ukun farko lamba goma sha ɗaya ne kowanne, ta asusun banki goma ce. Ba lissafi ake yi da su ba, don haka a matsayin rubutu ya kamata a ajiye su. Wanda ya ajiye lambar waya a gurbin lamba zai tarar sifilin farko ya ɓace. Ka kuma duba ko abokin ciniki ɗaya ya shiga sau biyu, sau ɗaya da 080, sau ɗaya da +234, bashinsa ya rabu gida biyu.

Haruffa masu ƙugiya. Idan an kafa rumbun da tsarin haruffa na latin1, sunaye irin su Ɗanladi da Ƙaraye za su koma alamar tambaya. A MySQL abin da ake so shi ne utf8mb4.

Ma'aunin kaya. Atamfa turmi ce, yadi shida. Shadda kuwa ana yanka ta yadi-yadi daga bandir, har da rabin yadi. Idan gurbin adadi cikakkiyar lamba kawai yake karɓa, to tabbas yaran shago sun ƙirƙiro wata dabara, wataƙila suna shigar da "rabin yadi" a matsayin wani kaya daban. Irin waɗannan dabaru su ne wayoyin da aka ja ta bayan silin ba tare da an sa su a zane ba. Hanyar gano su ita ce ka zauna a shagon ka kalli yadda ake amfani da manhajar a ranar ciniki, ba ka tambayi Alhaji a ofis ba.

Farashi da haraji. Duba ko kowane layi na rasit yana ajiye farashin da aka sayar a ranar, ko kuwa yana leƙo farashin yau daga teburin kaya, wato jadawalin kaya da ke cikin rumbun bayanan. Idan na biyun ne, duk ranar da aka ƙara kuɗin kaya tsofaffin rasitai ma sun canza. Haka harajin VAT: a watan Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, kuma manhajojin da aka rubuta adadin harajin a cikin kod, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, a wurare da yawa sun sha wahala.

Daga ƙarshe ka duba shekarun kayan aikin. Cikin harsunan rubuta manhaja, Python 2 an daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, PHP 5.6 kuwa tun ƙarshen 2018. Idan manhajar a kansu take zaune, wannan aiki ne na daban, kuma kada a haɗa shi da ƙara rassa a lokaci ɗaya. Idan aka sauya abu biyu tare wani abu ya lalace, ba za a san wanne ne ya jawo ba.

Mataki na uku: tokara kafin guduma

Yadda ake cire bangon da ke ɗauke da nauyi sananne ne. A kafa tokara ta ƙarfe ko ta katako a ɓangarorin biyu ta riƙe dekin, a fasa saman bangon, a ɗaura rodi a zuba bim, galibi da haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Wanda ya yi gaggawar cire tokara don ana son a shiga falon kafin biki, shi ne za ka ga tsaga ta biyo silin bayan damina ɗaya.

Tokarar manhaja abu uku ne, kuma ba a fara aiki sai sun tsaya.

Na ɗaya, kwafin ajiya na rumbun bayanai wanda aka gwada mayar da shi. Jaddadawar tana kan gwadawa. Ɗauki kwafin, ka ɗora shi a wata kwamfuta daban, ka buɗe manhajar a kansa, ka nemo rasit na jiya da bashin wani abokin ciniki da ka sani. Ka kuma auna minti nawa mayarwar ta ɗauka, domin wannan shi ne tsawon lokacin da shago zai tsaya idan abu ya ɓaci. A ajiye kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma a wajen shagon gaba ɗaya. Kasuwannin Kano sun sha gobara, kuma kwafin da ke cikin durowar teburin da kwamfutar take kai bai tsare komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, kod ɗin ya kasance a cikin Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin duk sauyin da aka yi wa kod, kuma abin da ke cikin Git ya yi daidai da abin da ke aiki a saba, wato kwamfutar da manhajar take zaune a kai. Sau da yawa ba su daidaita, saboda wani ya taɓa shiga saba kai tsaye ya yi gyaran gaggawa da dare bai mayar da shi ba. Kwatanta su fayil da fayil kafin komai.

Na uku, gwaje-gwaje masu sarrafa kansu. A tsohuwar manhajar da ba ta da su, kada ka ce sai ka rubuta wa kowane sashe. Zaɓi hanyoyin da kuɗi da kaya ke bi: sayarwa hannu da hannu, sayarwa bashi, biyan wani ɓangare na bashi, dawo da kaya, shigar da sabon kaya, rahoton ƙarshen yini. Ka rubuta gwajin da zai tabbatar da abin da manhajar take yi yanzu, ko da abin da take yi ɗin kuskure ne. Idan tana zagaye kobo ta wata hanya da ba ta dace ba, gwajin ya riƙe wannan hanyar. Gyara kuskuren aikin wata rana ne. Yau burin shi ne ka san nan take idan wani abu ya motsa ba da saninka ba.

Mataki na huɗu: zane da sa hannu

A Kano, mai son ɗora bene ko sauya fasalin gini yana kai zane hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince. Manhaja ba ta da irin wannan hukuma, don haka sai ku ƙirƙira wa kanku. Shafi ɗaya ya isa: me ake so, me za a taɓa, me ba za a taɓa ba, yaya za a koma baya. Alhaji ko wanda ya wakilta ya karanta ya amince.

A nan ne ake fitar da tambayoyin da ba na kwamfuta ba ne, na kasuwanci ne, kuma mai rubuta manhaja ba shi da ikon amsa su. Farashi ɗaya ne a duk rassa ko kowanne da nasa? Wanda ya ci bashi a Kwari zai iya biya a Sabon Gari? Yaron Sabon Gari zai ga cinikin Kwari? Kayan da aka ɗora a adaidaita sahu daga sito aka nufi shago, a lissafin wa suke kafin su isa? Wannan ta ƙarshen ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma take haifar da rigima, domin idan ba a yi wa kayan da ke hanya wani matsayi nasu ba, ko dai su bayyana a wuri biyu ko su ɓace daga duka biyun.

Game da ƙiyasin lokaci, a ba da shi mataki-mataki, kuma kada a yanke kuɗin dukkan aikin kafin a gama tono na mataki na biyu. Tonon kansa aiki ne da ake biya.

Mataki na biyar: aikin kansa, mutane suna ciki

Ƙa'idar ita ce ba a rushe tsoho sai sabo ya ɗauki nauyi. Ga yadda take a aikace.

A tsohon tsari, teburin kaya yana da gurbi ɗaya mai suna adadi. A sabon tsari ana bukatar teburin rassa, da teburin ajiya wanda kowane layinsa yake cewa kaya kaza, a reshe kaza, adadi kaza. Fara da ƙirƙirar sababbin teburan nan biyu kawai, ka saka reshe na ɗaya, wato shagon Kwari. Babu abin da ke karanta su tukuna, don haka babu abin da zai lalace. Ka ɗora wannan a saba shi kaɗai.

Sai ka bi kod ɗin ka nemo duk inda ake taɓa adadi. Za ka same shi a sayarwa, da dawo da kaya, da shigar da kaya, da gyaran ƙidaya. Ka kuma duba wuraren da binciken kod ba ya kai wa: umarnin da aka dasa a cikin rumbun bayanan kansa, aikin da saba ke yi da tsakar dare, da fayil ɗin Excel na akanta wanda wataƙila yake jawo bayanai kai tsaye. Tattara duk waɗannan su riƙa bi ta ƙofa ɗaya, aiki guda a cikin kod wanda shi kaɗai yake da ikon ƙara ko rage kaya. Har yanzu ba ka sauya halin manhajar ba, ka dai gyara hanyoyinta, kuma gwaje-gwajenka za su tabbatar da haka. Wannan matakin shi ya fi cin lokaci, shi ne kuma mai biya ba ya ganin amfaninsa, saboda allo bai canza ba. A yi masa bayani tun farko.

Yanzu ƙofar nan ta fara rubutu a wuri biyu: tsohon gurbi da sabon tebur, a cikin ma'amala guda ta rumbun bayanai, yadda ko dai duka biyun su shiga ko duka su fasa. Idan aka yi su a rarrabe, wuta ta ɗauke a tsakani, lissafi ya rabu ke nan.

Bayan haka a kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabon tebur. Kada a yi shi da umarni ɗaya a kan babban tebur, domin zai iya kulle shi yaran shago su tsaya suna kallon allo. A yi shi kashi-kashi, kamar layi dubu a lokaci guda, da ɗan hutu a tsakani, kuma a rubuta shi yadda idan ya tsaya a tsakiya aka sake kunna shi ba zai ninka komai ba. Teburin rasitai shi ma yana bukatar gurbin reshe: a ƙara shi a bar shi yana karɓar fanko, a cike tsofaffin layuka da reshe na ɗaya, sai bayan an gama a tilasta cewa dole a cike shi. Wanda yake kan PostgreSQL ya tuna cewa gina fihirisa mai saurin nemo bayanai a kan babban tebur yana hana rubutu har ya gama, sai dai idan an sa kalmar CONCURRENTLY a cikin umarnin. Sauya gurbin lamba zuwa BIGINT kuwa yana sake rubuta teburin gaba ɗaya, don haka aikin dare ne bayan an tashi kasuwa.

Sai jiran ƙosawar kankare. Kowane dare, wani ɗan aiki ya kwatanta jimlar sabon tebur da tsohon gurbi, kaya bayan kaya, ya kawo rahoton duk inda suka saɓa. Idan an sami saɓani, akwai wata ƙofar baya da ba ka gano ba. Nemo ta, kada ka gyara lambar da hannu ka wuce. Sai an yi aƙalla mako biyu babu saɓani ko ɗaya za a ci gaba.

Daga nan a fara juya karatu zuwa sabon tebur, allo ɗaya bayan ɗaya, kowanne da makunni a cikin saitin manhaja wanda za a iya kashewa ba tare da an sake ɗora kod ba. Fara da rahoton da kuskurensa ba zai tsayar da ciniki ba, ka ƙare da allon sayarwa. Sai duka sun koma sannan a buɗe reshe na biyu a manhajar. Ka lura cewa daga ranar da reshe na biyu ya fara shigar da ciniki, hanyar komawa baya ta rufe, domin tsohon tsari ba shi da inda zai ajiye bayanan. A faɗa wa Alhaji wannan ranar da sunanta.

Abubuwa biyu sukan fashe a daidai nan. Lambar rasit: idan intanet ya yanke kowane reshe ya ci gaba da aiki shi kaɗai, dukansu za su fitar da rasit mai lamba ɗaya. Maganinsa a sa wa kowane reshe harafinsa a gaban lambar. Sai kuma turmi na ƙarshe: yara biyu suka sayar da shi a daƙiƙa ɗaya, kowanne ya karanta saura ɗaya, kowanne ya rage, adadi ya koma ƙasa da sifili. Kada kod ya karanta sannan ya rubuta. A ba rumbun bayanai umarni guda cewa ya rage idan har abin da ya rage ya kai, sannan a duba ko umarnin ya taɓa layi.

Mataki na shida: zaɓen lokaci

Ba wanda ke yaye kwanon gidansa a watan Agusta. Daminar manhajar Kwari ita ce azumi da makonnin kafin sallah, lokacin da shagon ba ya iya jure tsayawar minti goma. A gama babban sauyi aƙalla wata guda kafin nan, ko a bari sai bayan sallah. A ɗora sauyi da dare bayan an rufe lissafin yini, a daren da mai gyaran zai kwana a gari kuma zai iya kasancewa a shagon da safe. Kwamfutar da ake aikin da ita da kuma saba su kasance a kan inbata ko janareta tun kafin a fara.

Idan manhajar tana kan na'urori da yawa, a tabbatar kowacce ta karɓi sabon kod, a duba lambar sigar a kan kowacce da ido. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45 a ranar 1 ga Agustan 2012, saboda an ɗora sabon kod a kan saba bakwai aka manta ta takwas, kuma an sake amfani da wani tsohon makunni wanda a kan ta takwas ɗin ya tayar da tsohon kod da aka daina amfani da shi shekaru. Darasi biyu ne a ciki ga mai ƙaramin shago ma: kada a ba tsohon makunni sabon aiki, kuma kada a bar mataccen kod a kwance.

A rushe a sake sabo?

Duk mai rubuta manhajar da ya gaji aikin wani, abin da zuciyarsa ke fara raya masa ke nan. Galibi kuskure ne. Tsohon kod mai muni yana ɗauke da amsoshin matsalolin da aka ci karo da su shekara da shekaru, waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba. Kamfanin Netscape ya yanke shawarar watsar da tsohon kod ɗin burauzarsa, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a 1998. Sabuwar siga, Netscape 6, ba ta fito ba sai Nuwamban 2000, lokacin burauzar Internet Explorer ta kamfanin Microsoft ta riga ta mamaye kasuwa. Bankin TSB na Birtaniya kuwa ya kwashe abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda a watan Afrilun 2018, mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, daga baya hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48.

Akwai lokacin da sakewa take zama dole: kayan aikin da aka gina ta da su sun mutu ba mai kula da su, ko kod ɗin asali ya ɓace sai manhajar da ke aiki kawai ta rage. Ko a nan, a yi yadda mai fili a gefe yake yi, ya gina sabon ɓangare ya riƙa kwashe iyali ɗaki-ɗaki. A sa wata ƙofa a gaban tsohuwar manhaja da za ta riƙa rarraba buƙatu, a gina rahotanni a sabuwa a juya su can, sai shigar da kaya, sai bashi, sayarwa a ƙarshe.

Inda gida da manhaja suka rabu

Kwatancen yana da iyaka, kuma wanda ya bi shi ido rufe zai yi asara ta fuska biyu. Gida ba a kwafarsa, manhaja kuwa ana kwafarta kyauta. Kana iya ɗaukar kwafin shagon gaba ɗaya, ka yi dukkan matakin nan na biyar a kansa sau uku, ka auna lokacin kowane umarni, kafin ka taɓa na gaske. Rashin yin haka sakaci ne kawai. Sai dai kwafin gwajin yana ɗauke da sunaye da lambobin waya da bashin mutane, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe shi. A ɓadda sunaye da lambobin kafin a ba wani ɗan kwangila.

Saboda wannan sauƙin ne ma bai kamata a zuba wa manhaja harsashin bene goma tun ranar farko ba. Magini yana da hujjar ƙara rodi don benen da za a ɗora nan gaba, domin tono daga baya yana da tsada ƙwarai. Shago mai rassa uku kuwa ba ya bukatar a farfasa manhajarsa zuwa ƙananan sassa goma masu magana da juna ta intanet. Rumbun bayanai ɗaya mai tsari zai ɗauke shi shekaru. Abin da ya cancanci a kashe wa tunani tun farko shi ne abin da ke da wuyar sauyawa: yadda aka ajiye kuɗi, ma'auni, da abin da ke bambanta abokin ciniki da wani.

Ta ɗaya fuskar kuma manhaja ta fi gida rauni. Bango idan ya faɗi ana sayo bulo da siminti a Ƙofar Ruwa a sake shi. Littafin bashin shekara biyar idan ya goge, babu kasuwar da ake sayar da shi.

Mataki na ƙarshe: kwashe ɓaraguzai

Bayan rassa sun fara aiki, a daina rubutu a tsohon gurbin adadi, amma kada a goge shi nan take. A sauya masa suna, a jira wata guda cif ya zagayo, domin rahoton ƙarshen wata da na akanta su ne sukan fito da abin da yake dogara da shi a ɓoye. Idan ba abin da ya yi ƙara, a ɗauki kwafin ajiya na musamman a rubuta masa kwanan wata, sannan a goge gurbin. A cire makunnan da aka gama da su tare da tsohon kod ɗin da ke bayansu, a kashe aikin daren da ke kwatanta teburan biyu, a rufe duk asusun shiga saba da aka buɗe wa masu aikin.

Shafin nan na mataki na huɗu a gyara shi ya nuna abin da aka gina a zahiri, har da inda aka kauce wa shirin farko da dalilin kaucewar, a ajiye shi a cikin Git tare da kod. A rubuta wa yaran shago takarda ɗaya da Hausa kan yadda ake tura kaya daga sito da yadda ake karɓarsu a reshe, a manna ta kusa da kwamfuta, da lambar wanda za a kira idan adadin allo ya saɓa da abin da ke kan kanta.